Teku A Cikin Ɗaki: Wane Haƙƙi Kifi Yake Da Shi A Kan Mai Kallonsa?

Bahaushe yakan yi wa wanda bai san duniya ba ba'a, ya ce da shi kifin rijiya, wai shi a ganinsa iyakar sararin samaniya ita ce bakin rijiyarsa. Kullum kifin ake yi wa dariya. Ba a cika tambayar yadda aka yi ya shiga rijiyar ba, alhali kuwa kifi ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike. In ka gan shi a rijiya, wani ne ya jefa shi ciki, galibi don ya cinye ƙwarin ruwa. To, wannan mai jefawa shi ne abin maganata a wannan ɗan rubutu, sai dai rijiyar da zan yi magana a kanta ta gilashi ce, ruwanta kuma na gishiri.

Watakila mai karatu ya taɓa shiga wani babban otal ko gidan wani mai hali a Legas ko Abuja ya ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launi suna kai da kawowa. Mafi yawan waɗannan na ruwan daɗi ne, watau irin ruwan kogi da tafki. Amma akwai wanda ya fi su tsada da wuyar sha'ani, shi ne na ruwan teku, wanda ake zuba wa kifayen da ke zaune a tsakanin duwatsun murjani. Mu mutanen kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Abin da muka sani na teku bai wuce murjanin da ke wuyan kakanninmu mata ba, wanda da yawanmu muke ɗauka dutse ne, alhali ƙashin wata halitta ce mai rai. Duk da haka yau ga kuɗi, ga jirgin sama, ga intanet: wanda ya so ya girke teku a falonsa a Kwanar Ɗangora, ba abin da zai hana shi sai aljihunsa. Tambayata ita ce, in aljihu bai hana ba, akwai wani abin da ya kamata ya sa shi ya dakata?

Kafin a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, don haka bari mu ga yadda ake shirya shi.

Abu na farko nauyi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka akwati mai cin lita 200 ya haura kilo 200 tun ba a sa gilashi da yashi da duwatsu a lissafi ba. Inda aka ajiye shi, nan zai zauna. Sai gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, watau kilo 7 ke nan ga wancan akwati, kuma ba gishirin miya ba ne, wani haɗi ne na musamman mai ɗauke da sinadarai da dama da ke cikin teku. Ruwan da za a jiƙa shi ma sai an tace shi tas, domin abin da cikinmu yake ɗauka a ruwan rijiya ko na famfo yana iya kashe murjani. Sai zafi: waɗannan halittu suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Baturen Ingila na'urar ɗumama ruwa kaɗai yake nema. Mu kuwa da bazara kan kai digiri 40, hunturu kuma ya sa mutum kwana da bargo biyu, sai mun tanadi mai ɗumamawa da mai sanyayawa duka.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wani akwati na biyu wanda baƙo ba ya gani. A ƙarƙashin na sama, cikin kabad, ake ɓoye shi, kuma sunan da masu sana'ar suke kiransa da shi ya yi daidai da abin da muke ce wa kwatami, watau ramin da ruwan gida yake gangarawa. Ruwan sama yakan cika ya tumbatsa ta wani baki, ya bi bututu ya sauko kwatami. A nan yake ratsa ƙyallen tacewa, ya shiga wata na'ura mai kaɗa shi da iska har ya yi kumfa, dattin ya manne wa kumfar, ta tashi ta zuba a wani kofi, baƙi-baƙi mai wari. Wasu sukan ware wani ɗaki a ciki su shuka ciyawar teku don ta sha sauran datti. Daga nan famfo ya tura ruwan ya koma sama. Haka yake kewayawa dare da rana. Duk wayoyi da bututai da ƙazanta suna ƙasa, duk kyau yana sama.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan tsari da nake so mai karatu ya riƙe, don za mu komo kanta. Kullum ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa ba ya tashi. To, da yake famfo yana cika akwatin sama ba fasawa, ba a taɓa ganin ragin a can. Akwatin sama kullum cike yake fal. A kwatami ruwan yake ja da baya, a ɗakin da famfo yake, har in ba a kula ba famfon ya shaƙi iska ya ƙone, ruwan kuma ya ƙara ɗaci. Wanda yake kallon sama kaɗai zai rantse lafiya lau ake. Maganin abin shi ne a riƙa ƙara ruwa zalla, marar gishiri, tunda ruwa ne ya tafi ya bar gishirin.

Sa'an nan sai jira. Ba a haɗa akwati yau a zuba kifi gobe. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. A teku yawan ruwa yana shanye ta. A akwati kuwa sai an bar wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun hayayyafa a jikin duwatsu da yashi: wasu su mai da amoniya naitirait, ita ma guba, wasu su mai da naitirait naitiret, wadda take da sauƙi, ake kuma rage ta ta hanyar sauya wani kaso na ruwan lokaci-lokaci. Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Mutum ya kashe dukiya, sa'an nan ya zauna wata guda da ɗoriya yana kallon duwatsu a ruwa, abokai suna zuwa suna tambaya, "Ina kifin?" A nan ne sabon shiga yakan kasa. Ya gaji da tambaya, ya sayo kifi goma rana ɗaya, kafin mako ya kewayo suna yawo ciki sama.

To, yanzu mu koma ga tambayar. Na ji amsa iri biyu a bakin 'yan'uwana ɗalibai, kuma kowace tana zuwa da sauri fiye da kima. Wasu sun ce ai kifi ne, kuɗinsa ya sa ya saya, ya yi yadda ya ga dama. Wasu kuma sun ce tsare kowane mai rai don sha'awar ido zalunci ne, a bar kowa inda Allah ya ajiye shi.

Amsa ta biyu ta fi daɗin ji, amma ba ta zauna daidai da rayuwarmu ba, ba ta kuma zauna daidai da abin da malamai suka karantar ba. Bahaushe ya daɗe yana kiwon tattabaru da aku da kanari, sarakuna suna ajiye jimina da ɗawisu, ba don miya ba. Akwai kuma hadisi a Bukhari da Muslim a kan wani yaro, Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya tarar da yaron yana baƙin ciki, ya lallashe shi da tambayar labarin tsuntsun, bai ce don me aka tsare shi ba. Daga nan malamai da yawa suka fahimci cewa ajiye tsuntsu don nishaɗi ba laifi ba ne muddin ana ba shi haƙƙinsa.

Amsa ta farko kuwa wani hadisin ne ya rushe ta, shi ma a littattafan biyu: matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. In muka lura, laifin da aka ambata mata fuska biyu ne. Ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Watau wanda ya tsare rai yana da ƙofa biyu: ko ya ɗauki nauyinsa, ko ya buɗe masa hanya. Matar nan ta rufe duka biyun.

A nan ne nake ganin kifin teku ya bambanta da kyanwa da tattabara, bambancin da ya ƙara wa mai shi nauyi. Ƙofa ta biyu a rufe take tun ranar da aka saye shi. Mai tattabaru in ya gaji, ya buɗe akurki. Mai kifin teku a Bebeji ina zai kai shi? In ya zuba shi a Tiga ko Bagauda, ya kashe shi ne nan take, don jikinsa ba ya jure ruwan daɗi. Ko wanda yake bakin teku ma bai tsira ba. Akwai wani kifi mai ƙayoyin dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda Turawa suke kira kifin zaki. An fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu akwatin gilashi ne suka sake shi. Da bai tarar da mai cinsa a can ba, sai ya yaɗu har tsibiran Karebiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin. Ka ga wanda ya saki nasa don tausayi ya jawo wa dubbai halaka.

Tunda ƙofar saki ta rufe, saura ta ciyarwa. Ita ma ta faɗaɗa. Kyanwa in ka ba ta abinci da ruwa, iska da ƙasa da rana ba kai kake kawo mata ba. Kifin da ke cikin gilashi kuwa duniyarsa ɗungurungum a hannunka take: iskar da zai shaƙa, ɗacin ruwansa, zafinsa, igiyar da za ta kaɗa shi, har fitowar ranarsa da faɗuwarta, kai ne mai kunnawa da kashewa. Gaiwa in tafki ya ƙafe takan nutse cikin laka ta jira damina, Allah ya ba ta dabarar kanta. Wannan ba shi da laka. Bisa ga haka nake ganin sanin amoniya da ma'aunin gishiri, ga wanda ya yi niyyar wannan kiwo, ya tashi daga ilmin sha'awa ya zama wajibi, bisa ƙa'idar nan ta malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. "Ban sani ba" uzuri ne ga wanda abu ya faɗo wa. Wanda ya aika kuɗi aka ɗauko masa kifi daga wata nahiya, ba faɗo masa ya yi ba. Ashe hukuncin duka yana komawa ne ga lokacin shiri, sa'ad da akwati yake a takarda, domin a lokacin ne kaɗai mutum yake da ikon ya ce a'a ba tare da wani ya mutu ba.

Wani zai ce, shin kifi ma yana jin zafi? Jeremy Bentham, masanin falsafa na Ingila, ya nuna tun 1789 cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana wahala, ba ko tana magana ko tunani ba. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sukotilan sun gano jijiyoyin jin ciwo a fuskar wani kifin ruwan daɗi, suka kuma ga halinsa yana sauyawa in an cutar da shi. Har yanzu akwai masana masu musun cewa wannan ya kai a kira shi jin zafi irin namu. Ni dai a ganina rashin kukan kifi shaida ce a kan kunnenmu, ba a kan jikinsa ba.

Akwai kuma tambayar inda kifin ya fito. Yawancin kifayen ado na ruwan daɗi a gona ake ƙyanƙyashe su, amma mafi yawan nau'o'in na teku kamo su ake yi. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2003 ya ƙiyasta cewa a lokacin ana cinikin kifin teku na ado miliyan 20 zuwa 24 kowace shekara, daga nau'i sama da 1,400. A Filifin tun wajen shekarun 1960, daga baya kuma a Indunusiya, wasu masunta sukan nutsa da gorar gubar sayanaid su fesa a ramukan murjani. Kifi ya suma a ɗauke shi, murjanin ya mutu, kifin ma sau da yawa ya mutu a hanya ko bayan ya isa gidan mai saye. An haramta wannan a ƙasashen biyu, amma bai ƙare ba. Wani ɗan kifi da asalinsa tsibiran Banggai na Indunusiya ne kaɗai, yawan kamunsa ya sa aka shigar da shi jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007. Masunci talaka ne mai neman abin kai wa iyali, ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ɓarawo ba ya sata sai ya san akwai mai saye. Abin daɗin shi ne akwai mafita: ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka san shi, tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyashe shi a gona. Wanda ya nace sai irin waɗannan zai saya, ya sauke rabin kayan.

Na san abin da wani ɗan Tiga zai ce da ni. Kullum safiya masunta suna fito da ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa kwando-kwando, a soya mu ci, ban taɓa rubuta makala ba. Sai kifin da aka bari da ransa, ana ba shi abinci, shi ne abin kuka? Maganarsa tana da ƙarfi. Amsata ita ce, masunci da kifi haɗuwarsu ta sa'a guda ce, dalilinta yunwa, kuma shari'a da al'ada sun yarda da ita. Mai gilashi kuwa alkawari ya ƙulla na shekaru, ba wanda ya tilasta shi. Wanda ya yanka rago ran Salla da wanda ya ɗaure rago a rana ya manta da shi ba hukuncinsu ɗaya ba, ko da yake na biyun bai zub da jini ba. Batun almubazzaranci kuwa, cewa ana tace ruwa don kifi a garin da mata suke layi a bakin burtsatse, gaskiya ne yana sosa rai, amma ba kifi kaɗai ya shafa ba. Dokin hawan Salla ma yana cin abin da zai ciyar da gida. Wannan shari'a ce tsakanin mai dukiya da maƙwabtansa, kuma ta cancanci nata rubutun. Ba na kuma musun amfanin abin. Akwati ɗaya a makaranta ko jami'a, a hannun wanda ya san aikinsa, zai nuna wa yaron Kiru da idonsa abin da Suratur Rahman ta ambata na murjani da tekuna biyu. Gidan kallon kifi na farko da aka buɗe wa jama'a, a gidan namun daji na Landan a 1853, ya yi wa mutanen birnin irin wannan aiki.

Yanzu bari in komo kan kwatami, don a gaskiya mu ne ya kamata mu fi kowa gane shi. Muna da namu babban akwati. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka datse Kogin Kano a Tiga, aka tara ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, aka ta da ƙauyuka daga mazauninsu. Abin da ya haifar kowa ya gani: shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani inda da ba a yi, ruwan sha ga birnin Kano. Ba mai hankalin da zai raina wannan. Amma Kogin Kano ba a Kura ya ƙare ba. Yana haɗuwa da Challawa ya zama Kogin Haɗejiya, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. Mutanen can ambaliyar damina ce rayuwarsu: da ita suke shuka shinkafa, bayan ta janye su yi noman rani, su kama kifi, Fulani su yi kiwo. Bayan Tiga, da kuma madatsar Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, faɗin ambaliyar ya ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, har wani gari ya nutse, na kusa da shi yana ƙishi. Mu da muke bakin akwatin sama, kullum cike muke ganinsa. A ƙasa ragin yake bayyana. Mai kiwon kifin da ya ƙware, in ya shigo ɗaki, kabad yake fara buɗewa kafin ya kalli kifi. Mu nawa ne daga cikin masu cin tumatirin Kadawa muka taɓa zuwa Nguru?

Saura abu ɗaya wanda mai shiri a ƙasarmu ba shi da damar tsallakewa, shi ne wuta. In aka ɗauke ta, famfo ya tsaya, ruwan da ke bututu da na saman akwati ya gangaro kwatami gaba ɗaya. Don haka ba a cika kwatami, ana barin masa sarari, a kuma huda ɗan rami a bututun mayarwa kusa da fuskar ruwa don iska ta shiga ta katse zuƙowar. Masu hankali sukan kashe wutar da gangan tun ba kifi, su tsaya su ga inda ruwan zai tsaya. Wannan na kare dardumar falo ne. Kifin kuwa, da ruwa ya daina motsi iskar cikinsa take fara ƙarewa, a dare mai zafi cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka batir da hasken rana ko janareta suna cikin kuɗin kifin, ba ƙari ba ne.

Kuma bayan na'ura akwai mutum. Anna Thynne, wadda ta ɗebo murjani daga gaɓar Ingila a 1846 ta raya shi shekaru a gidanta a Landan, ba ta da famfo. Mai aikinta ce take tsayawa bakin taga tana juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, rabin sa'a ko fiye, don ya sha iska. Littattafai sunan uwar gida suke kawowa. A gidajen masu halinmu ma haka abin zai kasance: Alhaji ne zai saya, yaron gida ne zai wanke kofin kumfa. Ɗan kifin nan mai ruwan lemo yana iya shekara goma, wani har ashirin, a cikin gilashi. A tsawon wannan lokaci Alhaji zai je Umra, zai yi jinya, za a yi masa canjin wurin aiki, sha'awarsa za ta koma kan wani abu. Ranar da ya yi tafiyar wata guda, yaron da aka bar wa mabuɗi zai buɗe kabad ya ga ruwa ya ja baya. Ga jarkar ruwan gishiri, ga ta ruwa zalla, duka farare tas. In ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa cewa gishiri ba ya bin iska ba, ta gishirin zai ɗauka, don ya san kifin na teku ne.